Wane wasa ya kamata mai son koyon mod ya fara saya?

Da yawa daga cikin matasan da ke kwana a kan PUBG a wayoyinsu ba su san cewa salon wasan ya fito ne daga hannun wani ɗan ƙasar Ailan mai suna Brendan Greene ba, wanda ya fara da yi wa wasan soja na Arma 2 kwaskwarima, wato abin da ake kira mod, shekaru kafin PUBG ya fito a 2017. Haka Counter-Strike, wanda ɗalibai biyu, Minh Le da Jess Cliffe, suka gina a kan Half-Life a 1999 kafin kamfanin Valve ya saye shi ya kuma ɗauke su aiki, haka nan Dota, wanda asalinsa taswira ce da masu wasa suka ƙirƙira a cikin Warcraft III. Waɗannan su ne waɗanda suka yi suna. A bayansu akwai dubban masu mod da ke toshe kurakuran da kamfanoni suka bari, suna fassara wasanni, suna ƙara musu garuruwa da motoci da labarai, akasarinsu kuma ba sa karɓar ko sisi. Wanda wannan aiki ya burge har yake son shiga cikinsa, abu na farko da ke gabansa shi ne zaɓen wasan da zai koya a kansa, kuma a nan ne sababbin shiga suka fi yin asarar kuɗi da data.

Kyawun wasa a ido ba shi ne ma'auni ba. Abin dubawa shi ne ƙarfin na'urar da mutum yake da ita a hannu, da kuma yadda masu wasan suka buɗe ƙofa ga masu kwaskwarima, domin akwai kamfanin da ke raba kayan aikin kyauta, akwai kuma wanda ke tura lauyoyi.

Wanda waya kaɗai yake da ita bai rasa wurin farawa ba, amma akwai tarkon da ya kamata ya sani tun yanzu. Fayilolin da ake yaɗawa da sunan Mod APK, waɗanda ke yi wa mutum alƙawarin kuɗi marar ƙarewa a cikin wasa, ba su ne sana'ar da muke magana a kai ba. Manhajoji ne da aka fasa, ba a koyon komai daga saka su, kuma sananniyar hanya ce ta shigar da manhajar satar bayanai cikin waya, wayar da wataƙila a kanta manhajar bankin mutum take. Hanya mai tsafta ita ce wasan da shi kansa ya yarda a taɓa shi. Bus Simulator Indonesia, alal misali, yana barin mai wasa ya sauya fentin motarsa da hoton da ya zana da kansa, don haka mutum zai iya ɗaukar zanen jikin motar, ya rina shi da launin motocin hayar garinsu, ya rubuta "Allah ya kiyaye hanya" a baya, ya mayar da shi cikin wasan. Ƙaramin aiki ne, amma yana koyar da abin da duk mai mod yake buƙata, wato yadda shimfiɗaɗɗen hoto ke naɗe jikin abu mai tsawo da faɗi da kauri.

A ganina, zaɓin da ya fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi shi ne Luanti, wasan gini da bulo irin Minecraft, wanda aka fi sani da Minetest kafin a sauya masa suna a 2024. Kyauta ne, kowa na iya karanta rubutun da aka gina shi da shi, yana aiki a kan Android da tsofaffin kwamfutoci, kuma kusan duk abin da ke cikinsa mod ne tun asali. Mod ɗinsa mafi sauƙi jaka ce guda mai ɗauke da fayil ɗin mod.conf, inda ake rubuta sunansa, da init.lua, inda 'yan layuka kaɗan na harshen Lua suka isa a ƙirƙiri sabon bulo, sai kuma ɗan hoton da zai zama fuskar bulon. Aibinsa shi ne masu wasansa ba su da yawa idan aka kwatanta da Minecraft, saboda haka wanda ke neman jama'a su ga aikinsa zai ɗan ji shiru.

Minecraft kansa kashi biyu ne, kuma rashin sanin hakan ya sa wasu sun sayi abin da ba shi suke nema ba. Na waya da na'urorin wasa shi ne Bedrock, wanda ake yi wa ƙari ta fayilolin JSON da ɗan JavaScript, iyakar abin da kamfanin Mojang ya yarda a sauya. Na Java kuwa, wanda a kwamfuta kawai yake aiki, shi ne gidan manyan mod, ta hanyar manhajojin loda mod irin su Forge ko NeoForge ko Fabric, sai dai mai shiga wannan fage dole ne ya koyi harshen Java, ko ya fara da MCreator da ke rage masa rubutu. Tun 2022 ana sayar da kashin biyu tare ga masu kwamfuta, a kan kusan dala 30. Abin da ke gajiyar da mutane a nan shi ne mod ɗin da aka yi wa wani zubi na wasan sau da yawa ba ya aiki a zubi na gaba, kuma na Forge ba ya shiga Fabric.

Ga mai laftof matsakaiciya da zai iya fitar da dala 15, Stardew Valley ne zan nuna masa. Wasan noma ne da mutum ɗaya, Eric Barone, ya yi ya fitar a 2016, nauyinsa bai kai gigabait ɗaya ba, kuma ba ya neman na'ura mai ƙarfi, abin da ke da muhimmanci ga wanda ke lissafin caji kafin a ɗauke wuta. Ana saka masa SMAPI, manhajar da ke loda masa mod, sannan Content Patcher, wanda ke sauya hotuna da bayanan wasan, daga nan kuma mutum zai iya sauya farashin iri, ko fuskar wani ɗan gari, ko kalaman da yake faɗa, ba tare da ya iya wani harshen kwamfuta ba. Aikin na farko yawanci jaka ce mai fayil biyu, manifest.json da content.json, da hoton kaya wanda faɗinsa ɗigo 16 ne tsawonsa ma 16. Sabon shiga zai manta waƙafi ɗaya a wani layi, wasan ya ƙi ɗaukar aikinsa, amma tagar SMAPI za ta rubuta masa da jan rubutu fayil ɗin da matsalar take ciki. Wannan jan rubutun malami ne da ba kowane wasa ke da irinsa ba, kuma shi ne babban dalilin da ya sa na fifita wannan wasa a kan sauran. A kula dai a sayi na kwamfuta, domin na PlayStation da Switch ba sa karɓar mod.

Stardew Valley da Minecraft duka suna karɓar sabon harshe ta hanyar mod, don haka wanda Hausarsa ta fi zanensa ƙarfi yana da aikin yi a nan. Abin da zai fara gwadawa shi ne ko haruffan wasan suna nuna ɓ da ɗ da ƙ, tun kafin ya fassara shafi ɗari.

Skyrim shi ne wanda kowa ke kwaɗayi, kuma ya cancanta. Kamfanin Bethesda ya fitar da shi a 2011, ya saki Creation Kit, wato kayan aikin yi masa mod, kyauta a 2012, kuma da waɗannan kayan wata ƙungiyar Jamusawa mai suna SureAI ta gina Enderal, cikakken wasa mai ƙasarsa da labarinsa. Amma ba wurin farawa ba ne ga mai ƙaramar na'ura. Zubin Special Edition na 2016 yana neman RAM gigabait 8 da wajen gigabait 12 na ma'aji kafin a ƙara masa komai, mod ɗin hotuna kuma suna cin data ba kaɗan ba. Sannan akwai matsalar jeri: idan mod biyu suka taɓa abu ɗaya, wanda aka loda daga baya shi ke rinjaye, shi ya sa ake buƙatar manhajoji irin su Mod Organizer 2 ko Vortex tare da LOOT don tsara su. Wanda ya ƙudurta sayensa ya jira rangwamen Steam, shagon wasannin kwamfuta na intanet, na tsakiyar shekara ko na ƙarshenta, domin biyan cikakken farashinsa na dala 40 ɓarnar kuɗi ce.

Game da GTA, a yi hattara. Ana yi wa ɓangaren labari na GTA V mod sosai, amma shiga GTA Online da su na iya jawo a rufe asusun mutum, kuma a 2017 kamfanin Take-Two, mamallakin wasan, ya sa an dakatar da OpenIV, babban kayan aikin masu mod ɗin wasan, sai da jama'a suka yi ca aka sassauta.

Kowanne aka zaɓa, a riƙa sauke mod daga sanannun shafuka irin su Nexus Mods, Steam Workshop, Modrinth, CurseForge ko ContentDB, ba daga mahaɗin da wani ya jefa a zauren WhatsApp ba. Su ma waɗannan ba ma'asumai ba ne, domin a watan Yunin 2023 an gano muguwar manhajar da aka kira Fractureiser a cikin wasu mod na Minecraft a CurseForge, amma a can akwai masu sa ido da ke ganowa su sanar. A ajiye kwafin wasan da aka adana kafin kowane gwaji, a kuma saka mod ɗaya bayan ɗaya domin a san wanda ya kawo cikas. Kowane shafi a Nexus Mods yana da sashen izini inda mai aikin ya bayyana ko ya yarda a sauya aikinsa, a fassara shi, ko a sake ɗora shi a wani wuri, kuma sabon shiga da ya ɗauki hoton wani ko rubutunsa ba tare da duba wannan sashe ba yana iya wayar gari an sauke masa mod ɗinsa na farko.