Sauti ya ɗauke a Ubuntu: gyaran direba ko sayen adaftar USB?

Malam, tunda "Dummy Output" kake gani a saitin sauti, alamar kwamfuta ba ta ga na'urar sautinta ba, bayan ka ɗora Ubuntu, wato wani nau'in Linux, kuma kana tunanin ko ka sayi 'yar adaftar sauti ta USB ko ka zauna ka gyara direba, wato manhajar da ke sa na'urar sauti aiki, ni dai na ce ka riƙe kuɗinka, ka gyara direban.

Laftop ɗina mai furosesar Intel ƙarni na 10 ce, kuma haka ta yi mini sak. Irin waɗannan da suka fito daga wajen 2019 zuwa yau, da yawansu suna da wani ɗan injin sarrafa sauti da ba ya tashi sai da manhajarsa ta musamman, wato Sound Open Firmware, SOF a taƙaice. In babu ita, Linux na ganin na'urar amma ba ya iya tayar da ita. Na buɗe Terminal, tagar rubuta umarni, na rubuta aplay -l, ta ce ba ta ga katin sauti ko ɗaya ba. Na bi da sudo dmesg | grep -i sof, sai ga sunan fayil ɗin da ta nema ta rasa. Daga nan sudo apt install firmware-sof-signed, na kashe na kunna. Da na danna gwajin lasifika, muryar nan ta ce "Front Left" ta hagu, ta ce "Front Right" ta dama, tar da ita, sai da na yi hamdala da ƙarfi. Makirfon ciki ma ya dawo, a daren na yi wa ɗalibaina darasi ta intanet ba tare da na rataya komai a kunne ba. Har yau da ita nake aiki.

In kuwa aplay -l ta nuna maka katin, to aikin ya ma fi sauƙi. Rubuta alsamixer a Terminal don buɗe saitin ƙarar sauti, danna F6 ka zaɓi katinka, ka duba ƙasan Master da Speaker. Duk inda ka ga MM an toshe shi ne, danna M ya koma 00, ka ɗaga shi da kibiyar sama. Duba Auto-Mute ma, wani lokaci shi ke kashe lasifika don yana zaton an jona abin kunne. In Windows na nan a gefe a kwamfutar, shiga ka kashe Fast Startup, saitin saurin tashi, domin in yana kunne Windows ba ya sakin na'urar sautin gaba ɗaya in an kashe kwamfuta.

Akwai dabara ta ƙarshe in duk wannan bai yi ba: ka ƙara layin options snd-intel-dspcfg dsp_driver=1 a ƙarshen fayil ɗin /etc/modprobe.d/alsa-base.conf. Wannan zai mayar da kai tsohon direban sauti mai suna HDA. Lasifika kan dawo, amma sau da yawa makirfon ciki ne ke tafiya, don haka kar ka fara da shi.

Adaftar kuma, to, tana aiki, ba zan hana ta haƙƙinta ba, Linux na gane ta da zarar ka soka. Amma lasifikar laftop ɗinka ba za ta farfaɗo da ita ba, ramin abin kunne kawai za ta ba ka, ta cinye maka kafar USB ɗaya. Wadda na taɓa saya tana cikin durowa, tsaki take yi a kunne in caja na jone.

Sannan ka yi hattara da wasu masu shago. Kana kai musu za su ce katin sauti ya ƙone, sai an canza bod, wato babban allon cikin kwamfuta, alhali ko murfi ba su buɗe ba. Kafin ka yarda, ɗora sabon Ubuntu ko Fedora, wani nau'in Linux, a filasha ka tayar da kwamfutar daga ciki ba tare da ka girka ba. In sauti ya fito, kayanka lafiya lau suke. Haka masu sayar da adafta da aka rubuta "7.1" a jikinta su tsawwala kuɗi, alhali ramuka biyu ne kacal, ɗaya na kunne ɗaya na makirfo. Kar ka biya sai an gwada a gabanka.

Ka rubuta aplay -l ɗin yanzu, ka turo mana abin da ya fito tare da lambar samfurin laftop ɗin da ke rubuce a ƙasanta.