Wata Huɗu Ina Jin Sauti a Mota Babu Rediyo: Sharhi Kan Ɗan Akwatin da Na Saya a Alaba

A daminar da ta wuce ɓarayi suka fasa gilashin motata da dare a Agege, suka zare rediyon, suka bar mini rami a dashbod da wayoyi suna reto. Amfilifayar da ke ƙarƙashin kujerar gaba, wato na'urar da ke ƙarfafa sauti ta aika wa lasifikoki, ba su taɓa ta ba, ko don an ɗaure ta da noti ne, ko don ba su san da ita ba, kuma lasifikoki huɗu na ƙofofi suna nan lafiya. Da na je kasuwar kayan mota ta Ladipo na ji farashin rediyo mai kyau, na kuma tuna cewa har yanzu a bakin titi motar take kwana, sai na ga babu dabara in sake saya wa ɓarawo wata. Dama duk abin da nake saurare yana cikin wata 'yar na'urar MP3 mai cin katin memori, wadda da kaɗan ta fi akwatin ashana girma: karatun Alƙur'ani, tafsirin azumi na shekaru da dama, da kiɗan kalangu da nake sakawa idan cunkoso ya riƙe ni a kan gadar Third Mainland. Sai na ƙudura in haɗa ta da amfilifayar kai tsaye.

Na fara da hanya mafi arha, wato kebul mai kai irin na abin sauraro na kunne, mai faɗin milimita 3.5, wanda ɗaya ƙarshensa ya rabu biyu, ja da fari, irin kawunan da ake kira RCA. Na soka, na kunna mota, na kunna karatu, shiru kake ji, ko fitilar amfilifayar ba ta kama ba. Washegari na kai wa wani yaro rewaya da ke aiki kusa da mu, ya durƙusa ya haska da fitilar wayarsa, ya nuna mini ramuka uku a gefen amfilifayar: na wutar batir, na waya mai zuwa jikin ƙarfen mota, da wani ƙarami a tsakaninsu da aka rubuta REM a kansa. Ya ce, "Alhaji, ai barci take yi. Rediyon ce ke tashinta, ta wannan siririyar wayar mai shuɗi da fari." Ashe duk lokacin da aka kunna rediyo tana aika wuta bolt 12 zuwa wannan rami, wannan ne umarnin da amfilifaya ke jira kafin ta fara aiki.

Gyaran da ya fara yi mini shi ne na gaggawa: ya ɗauko guntuwar waya ya haɗa ramin batir da na REM, nan take fitila ta kama, murya ta fito. Na yi murna na biya shi, ban tsaya tambaya ba, kuma laifin nawa ne kamar yadda yake nasa. Amfilifayar da aka haɗa haka ba ta mutuwa ko an zare makulli, tana nan tana zuƙar batir dare da rana. Na ajiye motar daga yammacin Juma'a, da safiyar Litinin ta ƙi tashi, sai da maƙwabta suka taya ni turi. Da na koma, ya cire guntuwar wayar, ya jawo wata daga akwatin fis, daga layin da ba ya samun wuta sai an murɗa makulli, ya sa mata ƙaramin fis nata, ya kuma ƙara makunni a kusa da giya. Duk wanda zai yi irin wannan haɗi, a nan ya kamata ya fi sa ido.

Bayan an shawo kan wannan sai matsalar ƙarfin murya ta fito. Rediyon mota tana ba amfilifaya sautin da ƙarfinsa ke kai bolt 2, wasu ma bolt 4, alhali irin waɗannan ƙananan na'urori da yawancin wayoyin hannu da ƙyar suke kai bolt 1, domin an yi su ne don kunne, ba don cika mota ba. Ko na ƙure muryar na'urar, da zarar na hau titin Ikorodu tsakanin motocin haya na danfo da tireloli sai karatun ya nutse. Mun murɗa maɓallin GAIN na amfilifayar, mai saita yadda take ɗaga sautin da ke shigo mata, sama, muryar ta ƙaru, amma tare da wani huci mai kama da na tayar da ke sacewa, wanda ya fi damuna a duk inda mai karatu ya tsaya numfashi.

Wannan ne ya kai ni kasuwar Alaba International da ke Ojo, inda na sayi abin da nake wannan sharhi a kansa. Ɗan baƙin akwati ne na ƙarfe da bai kai tafin hannu ba, babu sunan kamfanin kirki a jikinsa, yana da ramin shigar sauti ɗaya, da ramukan RCA huɗu na fita, da wayoyin wuta biyu, da maɓallin murɗawa guda a gaba. Aikinsa shi ne ya ƙara wa sautin ƙarfi kafin ya isa amfilifaya. Kuɗinsa bai kai rubu'in na rediyon da aka yi mini tayi a Ladipo ba. Rewaya ya ɗaure shi a cikin ramin da ɓarayi suka bari, ya rufe sauran da baƙar roba, ta yadda mai leƙe ta gilashi ba zai ga abin sha'awa ba.

A kan aikin da aka saye shi dominsa, ba ni da ƙorafi. Mun mayar da GAIN ƙasa, hucin ya ragu har sai mota tana tsaye ake jinsa, kuma muryar ta cika motar ba tare da lasifika ta fara karkarwa ba. Ramukan fitarsa huɗu sun ba kowace ƙofa nata sautin, abin da kebul ɗin farko bai iya ba, domin lasifikokin gaba kawai yake ciyarwa. Amma abin da na fi yabawa shi ne maɓallin nan, wanda ban ɗauke shi da muhimmanci ba lokacin saye. Kafin zuwansa, rage murya yana nufin in lalubo 'yar na'urar a kan kujera in nemi ƙaramin madanninta ina tuƙi, kuma a Legas, inda ɗan acaɓa ke iya ɓullowa ta kowane ɓangare, daƙiƙa biyu da ido ya bar titi sun isa a yi ɓarna, ban da cewa jami'in hanya da ya hango abu a hannunka zai ɗauka waya ce. Yanzu hannuna ya san inda maɓallin yake ba sai na duba ba.

Aibin akwatin na farko shi ne ƙarar "ɗum" da lasifikoki ke yi idan shi da amfilifaya suka samu wuta a lokaci ɗaya. Maganinta na koya da kaina: in tayar da mota, in kunna na'urar, sannan in danna makunnin amfilifaya a ƙarshe, idan zan sauka kuma ita nake fara kashewa. Na biyun ya fi ban haushi. Muddin na soka na'urar a caji ta soket ɗin sigari tana cikin aiki, sai wani siririn kuka ya shigo, yana hawa idan na taka totur, yana sauka idan na saki. Kukan altaneta ne, wato na'urar da ke cajin batir idan inji yana aiki, yana samun hanya saboda caja da amfilifaya kowacce ta kama jikin ƙarfen mota a wuri dabam. Na sayi wani ɗan ƙaramin abu mai taransifoma a ciki da ake sakawa a tsakiyar kebul don ya raba hanyoyin biyu, kukan ya ɗauke, amma a kunnena ya tafi da wani abu na nauyin ganga. Daga baya na cire shi, na koma yin caji a gida da dare, tunda batirin na'urar yana kai ni Apapa ya dawo da ni.

Na gwada akwatin da wayar hannu na kwana biyu na daina. Sautin ya fita da kyau, sai dai kowane saƙon WhatsApp yana faɗowa ta lasifika huɗu da ƙarfin da aka saita wa karatu, kuma ranar da uwargida ta kira ina ɗauke da abokan kasuwa biyu daga Mile 12, kowa ya ji abin da ya ƙare a gida. Wanda wayarsa ba ta da ramin abin sauraro, kamar iPhone tun daga ta 7 da ta fito a 2016, sai ya ƙara sayen mahaɗi ko mai karɓar Bluetooth, wanda shi ma wuta yake nema.

Abin da akwatin ba zai taɓa mayar mini ba shi ne tashoshi. Da can kafin in bar Agege nakan kama Lagos Traffic Radio a 96.1 in ji ko Oshodi ta cushe, in zaɓi hanya. Yanzu sai na tsaya na duba waya kafin in tayar da mota, kuma abin da ya faru a hanya bayan nan sai na tarar da shi. Haka nan babu inda zan rage lasifikokin baya idan yara sun yi barci, sai in tsaya in durƙusa da sukundireba a ƙarƙashin kujera. Ga wanda yake da amfilifaya a mota, kuma abin saurarensa yana cikin aljihunsa, ina ganin akwatin ya ci kuɗinsa, da sharaɗin a jawo wayar REM daga layin makulli kuma a sa mata fis. Wanda ba shi da amfilifaya tun farko, ko direban haya da labarin hanya ya zame masa dole, gara ya tara kuɗin rediyo, ya nemi irin wadda ake cire fuskarta a shiga da ita gida.