IMCDb: wurin gano sunan tsofaffin motocin da ke cikin fim

Wanda ya ga wata zungureriyar tsohuwar mota a fim ko a bidiyon waƙa, yana son sanin sunanta da shekarar ƙirarta, to shafin intanet na IMCDb (Internet Movie Cars Database) ya fi cancanta ya fara leƙawa. Kyauta ne, masu son motoci ne ke ɗora hotunan da suka ciro daga fina-finai, su kuma tantance kowace mota. Fasalinsa na zamanin da ne, a waya sai an yi ta zuƙo rubutu. Amma aikin da ke ciki ba na wasa ba ne.

Hanyar amfani da shi gajera ce. A rubuta sunan fim yadda yake a harshensa na asali, hotunan motocinsa za su fito, kowace da sunan kamfani da samfuri da shekara. Ana kuma iya farawa daga sunan mota, a ga duk inda ta taɓa fitowa. Kowane hoto na da taurari daga 1 zuwa 5: ɗaya na nufin motar wucewa kawai ta yi a bayan fage, biyar kuma ita ce ƙashin bayan labarin. A dinga karanta muhawarar da ke ƙasan hoto, domin a nan ake kawo hujja.

Hujjar ita ce abin da ya fifita shi a kan Google Lens, manhajar da ke gano abu daga hotonsa. Lens na iya cewa wannan Chevrolet ce, amma yakan ruɗe a shekara, musamman in hoton na dare ne ko motar na gudu. Masanan IMCDb kuwa ƙananan abubuwa suke bi. Chevrolet Impala ta 1960 zuwa 1965 fitilu uku ne a kowane gefe na bayanta, ƙannenta Bel Air da Biscayne kuma bibbiyu. Cadillac mai dogayen fukafukan baya da tagwayen fitilu masu siffar harsashi ta 1959 ce, a 1960 an rage wa fukafukan tsawo. Lincoln Continental da ƙofofin bayanta ke buɗewa ta baibai tana tsakanin 1961 da 1969. Ramuka uku ko huɗu a jere a gefen gaba alamar Buick ce.

Dokokin Amurka ma suna taimakawa wajen ƙiyasin shekara. Ƙananan fitilu ko madubin haske a gefen mota sun zama dole daga 1968. Bamba mai kauri da ta turo waje ta fara a gaba a 1973, ta game gaba da baya a 1974. Fitilun gaba masu kusurwa huɗu sai daga 1975.

Inda ake samun tangarɗa shi ne bidiyon waƙoƙi. Motocin da mawaƙan Los Angeles ke hawa, irin masu tsalle ɗin nan, yawanci an sauya musu taya da fenti, an cire tambari, wani lokaci har a ɗora wa Bel Air fitilun Impala. Mai dogara da fitila kaɗai zai sha ƙasa, sai ya haɗa da layin rufi da adon ƙarfen gefe. Haka nan a fim akan yi amfani da mota biyu ko uku a matsayin ɗaya, a nuna mai kyau kusa da kyamara, a farfasa wata ta shekara daban. Shi ya sa hoto ɗaya bai isa yanke hukunci ba.

Masu kallon fina-finan Indiya su sani cewa motar Ambassador ta Indiya, wadda aka kwaikwayo daga Morris Oxford ta Ingila, ta daɗe jikinta bai sauya ba har aka daina ƙera ta a 2014. Ragar gabanta da ƙananan fitilu ne ke bambanta zubi da zubi, don haka shekarar da aka rubuta mata sau da yawa ta farkon zubin ce. Fina-finan Amurka da na Turai sun fi samun kulawa a IMCDb, kuma fim ɗin da babu wanda ya ɗora hotunansa ba za a same shi ba.