Na leƙa gidan tarihin yaƙi na Umuahia

Wallahi duk wanda hanya ta biyo da shi Abia ya daure ya shiga wajen nan. Jirgin ruwan yaƙi NNS Bonny na nan a tsakar fili, har kansa na hau, ga jirgin saman yaƙi MiG-17 da sojan saman gwamnatin tarayya suka yi aiki da shi a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Amma abin da ya tsaya min a rai ɗan mitsitsin jirgin saman Biyafara ne, wai da irin sa Von Rosen, matuƙin jirgi ɗan Suwidin, ya kai hari filayen jirgi a 1969, kai ka ce abin wasan yara! Mai zagayawa da mu ya san aikinsa sosai. Ku dai tafi da ruwa da hula, ranar wajen ba sauƙi.