Ƙaramin injin markaɗen da na dogara da shi bayan tiyatar rage ƙiba

Na sayi wannan ƙaramin injin markaɗe ne makonni biyu kafin a yi mini tiyatar rage ƙiba, irin wadda ake yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi. Likita ta riga ta sanar da ni cewa bayan makonni biyu ina shan abu mai ruwa zalla, zan koma abincin da aka markaɗa, kuma dole in samu aƙalla giram 60 na furotin kullum, alhali cikina ba zai karɓi fiye da 'yan cokula a zama ɗaya ba.

A nan ne injin ya nuna amfaninsa. Yana markaɗa dafaffen wake, kifi ko tsokar kaza da ɗan romo har su yi laushi kamar kunu, babu gudaji ko ɗaya, kuma wannan ya kwantar mini da hankali ƙwarai a lokacin da tumbin bai gama warkewa ba. Ƙanƙantar kofinsa ta hana ni ɓarnar abinci.

Matsalarsa ita ce ba a rufe kofin da abinci mai zafi, sai an jira ya huce, kuma ƙararsa takan tashi mutanen gida da asuba.