Masu zuwa gyaran mota inda ta tsaya: na biyun ya iya aiki, na farkon ya sa ni asara

Gaskiya da na zauna rubuta wannan sharhin niyyata in yabe su ne, don mutumin da suka turo min karo na biyu ya san aikinsa. Motata otomatik ce, ranar da safe na murɗa makulli shiru, ko "tak" ba ta ce ba, ga fitilun gaba tar, hon ma yana ƙara da ƙarfinsa. Wasu suka ce a tura ta, nace ai otomatik ba ta tashi da turi, babu kuloc ɗin da za a saka ya juya injin, sai dai a sha wahala a banza. Shi ne na kira su.

Yaron da ya fara zuwa ko mitar auna batir bai ɗora ba, ya buɗe bonet ya leƙa yace batir ne ya mutu. Nace masa to ya aka yi fitila take haske haka, yace haka yake yi wani lokacin. Na yarda na sayi sabo, aka ɗaura, ya ɗan jijjiga giya ya murɗa ta tashi, ni kuma na ɗauka batir ɗin ne. Kwana biyu tsakani ta sake yin shiru irin na farko, da sabon batir a jikinta.

Sai suka turo wani dattijo. Shi kam mita ya fara fitarwa, ya nuna min volt 12.6, yace yallaɓai batir ɗinka lafiya lau yake. Yace in taka burki in kai giya N, wato firi, in murɗa. Wallahi bugu ɗaya ta tashi. Muka kashe na mayar P, wato fakin, shiru. Sai ya yi min bayani cewa akwai wani suwic a jikin giyabos, aikinsa ya hana kik, wato abin da ke tayar da injin, juyawa in dai giya ba a P ko N take ba, don kar mota ta zabura da mutum, to nawa ya goce daga saitinsa ga datti a soket ɗin, ina sa P amma motar ba ta ganin P. Ya goge ya saita ya ɗaure, ko awa ɗaya bai yi ba. Har ya koya min saurare: in ka ji tak-tak-tak da sauri fitila tana dusashewa, batir ne ya yi sanyi ko kan batir ya saki ko ya yi tsatsa, in tak ɗaya ce mai ƙarfi sannan shiru to a duba kik, in kuwa shiru ne gaba ɗaya ga wuta tar sai a nemi fiyus da rile da wannan suwic ɗin. Allah ya saka masa da alheri, wata guda kenan ba ta sake ba.

Amma fa ina tuna batir ɗin nan raina yake ɓaci. Ashe tsohon nawa ba abin da ya same shi, jijjiga giyar da yaron ya yi ce ta tayar da motar ranar, kuma ya tafi da shi wai ya mutu. Gwajin da bai kai minti ɗaya ba, a sa N a murɗa, mai zuwa gyaran otomatik bai san shi ba? Me ya sa za a tura mutum wurin kwastoma babu ko mita a hannunsa? Tauraro biyar na so ba su saboda dattijon, biyu zan bayar. Na kira su sau uku kan a dawo min da tsohon batir ɗina, kullum sai ace za a tambayi yaron, har yau ba wanda ya kira ni.