Masu kiwon tsuntsaye a Garwa, ku yi hattara da mai "gwajin jini"

Jaka 45 na sefa wannan mutumin ya cinye mini. Jaka 15 kuɗin gwaji, jaka 30 kuɗin magani. Kada wani ya ce mini garaje na yi. Da farar riga ya zo har gida, da akwatin sanyi, da takarda mai hatimi. Ya durƙusa ya gaida ni, ya ce "Baba Alhaji, wannan akun tamkar ɗanka ne, kada a yi sake." Wa zai ji haka ya ƙi? Har yanzu ina ganin yadda yake shafa kan tsuntsun yana kiran sunansa. Ni kuwa sai "Baba Alhaji" yake ta ce mini. Har shayi na sa aka dafa masa!

Akun nan na gado ne, tun mahaifina na da rai yake gidanmu. Rawar jiki ya fara, yana faɗowa daga kan sanda. Af, tun kafin nan ma a wani zauren WhatsApp na masu tattabaru na ga tallarsa, wai yana aika jini Yawunde. Bayan ya ja jinin akun, sakamako ya zo da Faransanci, sukari giram 2.8 a lita, an zagaye da jan biro. Ya ce ciwon sukari ne ya yi tsanani, na miƙa jaka 30 a tsaye.

Da na kai takardar wurin likitan dabbobi na gaskiya, shiru ya yi tukuna. Ya ce ma'aunin da ke gefen takardar na ɗan Adam ne. Mutum ne sukarinsa ke tsayawa wajen giram 1, amma aku mai lafiya yakan kai 2 zuwa 4. Ashe lafiyayyen sukari aka zagaye mini da ja! Ya ce ƙodar tsuntsu da sinadarin yurik ake duba ta, farin nan da ke cikin kashinsa, takardar kuwa babu shi sam, sai yuriya da kiriyatinin irin na asibitin mutane. Kalsiyam kuma, wanda ƙarancinsa ke kayar da irin wannan aku mai jan wutsiya har ya yi farfaɗiya, ko layinsa babu. Abin da ya kamata a fara dubawa kenan.

Maganin jaka 30 ɗin fa? Kwalba ce ba suna ba takarda. Da na kira mai gwajin a karon farko cewa ya yi yana Marwa, zai dawo. Yanzu wayar a kashe take, daga zauren ma ya fita. Jaka 45, ga jinin da ya ja a wuyan tsuntsu marar lafiya a banza.

Duk wanda ya kawo muku sakamakon tsuntsu, ku duba ko akwai yurik da kalsiyam, ku tambayi ma'aunin na wace halitta ne, kada ku biya kafin likitan dabbobi ya gani. Hoton takardar da hirarmu ta WhatsApp suna wayar ɗana, da ya dawo daga kasuwa zan ɗora su, har da muryar da yake rantse mini da Allah.